Ɗan Akuyar da ke Kiran Nu'uman

Duk ranar Juma'a da hantsi, Ɗantsoho wanzami yakan jingine kekensa a jikin dalbejiyar ƙofar gidan Alhaji Nu'uman, a Rijiyar Hamma, wani ɗan ƙauye da ke gefen Mai'adua. Ya sauke zabira, ya shiga tsakar gida, ya zauna ya hau wasa aska a kan wata tsohuwar fata da ta yi baƙi ƙirin. Shaf, shaf, shaf. Aski kawai yake zuwa yi wa Alhaji kafin masallaci, ba wani abu ba. Amma Murjanatu, matar Sabiru ɗan Alhaji, da zarar ta ji wannan ƙara daga bakin murhu sai ta shiga waige-waige tana neman inda yaron yake.

"Yaron" take ce masa, ko "wannan", in kuma ta matsu ta ce "kai". Shekararsa huɗu da rabi a duniya, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. To, ta yaya za ta furta? Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukinta aka sa masa, Nu'uman sak. Kunya biyu ke nan a kan mace ɗaya. A gidan da Murjanatu ta tashi, matar da ta ambaci sunan uban mijinta ai ta gama zubar wa iyayenta mutunci. A gaban mutane ba ta ɗaukarsa, ba ta yi masa wasa, in ya faɗi sai ta kau da kai, zuciyarta na tafasa, har wani ya zo ya ɗaga shi. Kada wani ya ce ba ta sonsa fa. Wallahi da za a tsaga ƙirjinta, shi za a fara tararwa a ciki.

Shi kuwa yaron ba ya magana. Ji yana ji sarai, a buɗe ledar biskit a bayan ɗaki ka ga yadda zai taho da gudu. Amma kalma ko ɗaya ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. In yana son ruwa sai ya ja zanen mutum zuwa randa, ya ce "aa". Sa'o'insa har sun iya zagi, shi ko "Inna" bai ce ba. A kira sunansa kuwa, ko waigowa ba ya yi.

Abin ya fi cin kakansa. Alhaji Nu'uman dillalin shanu ne, shekara arba'in bakinsa na ci da shi a karar Mai'adua, mutumin da in ya ɗaga murya a wannan gefen kasuwa ana jinsa a wancan. A ce wai mai sunansa ne bebe? Kullum da la'asar zai ɗora yaron a cinya, yana ɓare masa dabino yana tsokanarsa: "Takwara, ka cinye min dabino kaf, ko na gode babu? Kai, wannan rowa taka!" Yaron ya tauna abinsa yana kallon kaji. Alhaji ya yi dariya, amma dariyar ba ta daɗewa.

Wata Juma'a, bayan an gama aski, Ɗantsoho ya jawo yaron, ya danna masa haɓa da babban yatsa, ya leƙa cikin bakin.

"Alhaji, ai linzami ne," in ji shi. "Ga jijiyar nan ta ƙarƙashin harshe ta ɗaure shi tamau. Da ma a asibiti aka haife shi, ko beli ba a cire masa ba. Tsaga ɗaya zan yi, 'yar mitsitsiya. Bayan nan sai kun toshe kunne don surutu."

Alhaji ya gyaɗa kai. Shi ma an yanka masa linzami yana yaro, ga shi kuwa ba wanda ya taɓa cewa magana ta gagare shi.

Murjanatu na bayan zana tana jinsu, muciya a hannu. Ba ta ga komai a gabanta ba sai Mahdi, ƙanenta. Yara bakwai aka yi wa kaciya safiya ɗaya a ƙauyensu, can wajen garin Babban Mutum. Shida suka warke suka ci kajinsu. Mahdi jini ya ƙi tsaya masa. Tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ita ke wanke tsummokaran, ta zubar da ruwan ta ɗebo wani, shi ma ya rine. Kwana uku aka yi haka, a na ukun aka kai shi makwancinsa. Kawunsu ma, ƙanen mahaifiyarsu, daga cire haƙori ya tafi. Ga shi nata yaron in ya ɗan bugu sai wurin ya kumbura ya yi baƙi, ran da ya faɗi ya fasa dasashi kuwa tun azahar jini ke tsatsafowa har wayewar gari.

Ta faɗa wa mijinta. Sabiru ya je ya durƙusa ya faɗa wa ubansa, yana sosa ƙeya. Alhaji ya ce, "Allah ya jiƙan ƙanenta, ajali ne ya kira shi. Ɗantsoho shekara talatin yana mana aiki a gidan nan, bai taɓa ɓata mana yaro ba." Da ƙyar da roƙo Sabiru ya samo abu ɗaya: an ba su wata uku su gwada wata malama da ake labari a Daura, mai koya wa yara magana. In wata uku suka cika shiru, aska za ta yi aikinta.

Malama Amatullahi 'yar gajeriya ce mai tabarau, mai surutun tsiya, kamar ita ta kwashe maganar duk yaran da ake kawo mata. Ɗakinta ɗaya ne a wata ƙaramar cibiya, da tabarma, da babban madubi, da kwandon kayan wasa. Ranar farko ta haska bakin yaron da tocila, ta sa ya lashi zuma a cokali, harshen ya fito zalalau.

"Ina linzamin?" ta ce wa Sabiru. "Malam, harshen nan ba abin da ya ɗaure shi. Kada ku kuskura ku bari a sa masa ƙarfe."

Da ta ji labarin Mahdi kuwa sai surutun ya ɗauke ɗif. Ta rubuta takarda ta miƙa masa, ta ce lallai su kai yaron asibiti a gwada jininsa, kada su wuce makon nan. Sabiru ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce in Allah ya yarda bayan kasuwa.

Sannan ta jawo kwamfutar hannu ta kunna. Sai ga wani ɗan akuya na katun, fari, kunne ɗaya baƙi, da ƙaton baki da ya cinye rabin fuskarsa. Ita ta zana shi da hannunta. In zai ce "m" leɓɓansa su haɗu, in zai ce "n" ka ga harshensa ya tashi ya taɓa sama, a hankali, yadda ko makaho zai kusa gani. Ta ce yara da yawa irin wannan ba sa iya kallon fuskar mutum, tana yi musu yawa, amma katun sai su zuba masa ido ko ƙiftawa babu. Ɗan akuyan zai kira yaro, ya ɗaga kunnuwa ya jira. In yaron ya yi ko da ɗan sauti ne, a taɓa gilashin, ɗan akuyan ya daka tsalle don murna.

"Sai dai ɗan akuyana ba shi da muryar kansa," in ji ta. "Aro yake yi. Kuma muryar da yaro ya fi sani a duniya nake ara masa. Maman Nu'uman, matso nan ki kira min shi in naɗa."

Murjanatu ta ji kamar an kwara mata ruwan randa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Malama, ai ba na faɗa."

"Ba kya faɗar me?"

"Sunan. Na Baba ne."

Malama Amatullahi ta cire tabarau ta dube ta. "Ke 'yar nan, ni ma fa 'yar garin nan ce, ba daga sama na faɗo ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira yayana da sunansa ba. Amma yayana yana magana, bai rasa komai ba. Wannan kuwa shekara huɗu yana kwana a bayanki, muryar da ya fi yarda da ita ba ta taɓa gaya masa shi wane ne ba."

Ta kori Sabiru waje, ta rufe ƙofa, ta ajiye na'urar a gaban Murjanatu, ita kuma ta juya baya tana fuskantar bango. Murjanatu ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta sake, ta tsaya a "Nu". Gumi ya karyo mata, tana jin kamar Alhaji na tsaye a bayan ƙofa da butarsa. A karo na uku ta runtse ido, ta tuna shaf-shaf ɗin askar nan, ta yi shahada ta faɗa. Da sunan ya fita sai kuka ya biyo shi, ita kanta ba ta san yana nan ba.

Malama ta ɗan danne-danne, ta juya gilashin wajen yaron. Ɗan akuya ya buɗe ƙaton bakinsa ya ce, da muryar Murjanatu, "Nu'uman!" Ya ɗaga kunnuwa. Yaron, da ke can yana jera marafen kwalba, ya tsaya cak. Ya saki marfin da ke hannunsa, ya rarrafo har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

An tura musu katun ɗin a tsohuwar wayar Sabiru. Kullum bayan azahar, in maza sun fita, Murjanatu ta saki labule, ta rage muryar wayar ƙasa-ƙasa, ta zaunar da yaron ta kunna. Ɗan akuya ya kira, ya jira, sannan ya nuna masa yadda ake cewa "na'am", harshe sama, baki buɗe, leɓe a rufe. Mako biyar ba abin da ya faru sai kallo, sai dai ta lura bakin yaron na motsi ba sauti. A mako na shida ya ce "aam". A na takwas, wata Laraba, tana tsintar wake a gefe, ɗan akuya ya ce "Nu'uman!" sai ta ji wata 'yar murya a dishe, wadda ba ta taɓa ji ba a duniya, ta ce, "Na'am." Faranti ya suɓuce, wake ya watse. Ta cusa bakin zane a baki ta cije, don kada guɗa ta ƙwace mata gidan ya ji.

Da suka koma Daura, Malama ta yi ta tafi har da rawa, amma ta ɗaga yatsa. "Saura babban aikin. Akuyar nan ba ita ta haife shi ba. Daga yau ki riƙa kife wayar, ki zauna a gabansa ido da ido, ki buɗe baki kamar yadda take yi, ki kira shi da kanki. In ba haka ba, da ita kaɗai zai riƙa magana. Kin ji ni?"

Murjanatu ta ce to. Amma fa to ɗin baki ce. Sau nawa ta kife wayar ta zauna a gabansa! Da ta buɗe baki sai ta ji tarin Alhaji ta bayan katanga, ko ƙarar takalminsa, sai sunan ya maƙale mata a wuya. A Daura ƙofa a rufe take, nan kuwa gidansa ne, katangarsa ce, ƙasar da take zaune a kai ma tasa ce. Sai ta ce gobe, ta ɗaga wayar ta bar ɗan akuya ya yi mata aikin. Haba Murjanatu! Gobe, gobe, har kwanaki suka ƙare.

Sabiru ya kai wa ubansa albishir cewa yaro ya fara amsawa. Alhaji ya yi wuf ya tashi daga kan buzu, ya sa aka kawo shi. "Nu'uman! Takwara! Nu'uman!" Yaron na kallon wata kaza da ke tono. Sabiru ya kira, maƙwabcinsu ya kira, ko gezau. Alhaji ya ce to a kawo abin da yake amsa wa ɗin ya gani. Sabiru ya ce wai ba caji. Ƙarya ce, shi ma ya san muryar wa ke ciki da abin da take faɗa.

Alhaji ya daɗe yana dubansa. "Sabiru, ni za ka yi wa wasa da hankali? Wata uku na ba ku, sun cika har da ɗoriya. Juma'ar nan Ɗantsoho zai zo da shirinsa."

Ranar Alhamis da yamma Murjanatu ta tare mijinta yana goge babur.

"Malam, don girman Allah ka koma ka faɗa masa."

"In faɗa masa me kuma, Murja? Na faɗa, na sake faɗa. Uban nawa zan duba in ce masa a'a?"

"To takardar gwajin jinin fa? Ko ita ka nuna masa."

Ya shafa aljihu, ya shiga ɗaki ya birkita kaya, ya fito da wata riga. A ƙasan aljihunta ya zaro wani ɗan dunƙule fari, busasshe. An wanke rigar da takardar a ciki, ita da hannunta ta wanke. Kasuwa goma sha biyu ta ci tun ranar da ya ce bayan kasuwa. Suka tsaya suna kallon abin a tafin hannunsa.

Juma'a ta zo da rana tarwai. Keke ya jingina a dalbejiya. Shaf, shaf, shaf. Ɗantsoho ya yi wa Alhaji aski tas, ya gyara masa gemu, suna hirar tsadar dusa. Da ya gama bai naɗe zabira ba. Ya zaro wata 'yar aska siririya da ba a aski da ita, ya goge ta da auduga, ya kwance wani ƙullin garin bagaruwa na tsayar da jini ya ajiye a gefe. Dattawa biyu na maƙwabta sun shigo sun zauna, don a yi abin da shaidu. Sabiru ya zauna a turmi, ya matse yaron tsakanin gwiwoyinsa, idonsa a ƙasa.

Murjanatu ta fito daga ɗaki lulluɓe da mayafi, wayar a hannu. Ba a taɓa ganinta a wannan gefen tsakar gida ba in Alhaji na zaune. Ta durƙusa daga nesa, ta miƙa hannu ta ajiye wayar a bakin tabarma, ta ƙure muryar wayar, ta danna.

"Nu'uman!"

Muryar mace ce, tar da ita, ta kira sunan mai gidan a tsakiyar gidansa, a gaban baƙi. Dattawan nan suka sunkuyar da kai. Ɗan akuya ya ɗaga kunnuwa yana jira.

"Na'am," in ji yaron.

"Baba, ka ji!" in ji Sabiru. "Ka ji da kunnenka!"

Alhaji ya ji. Ya matso, ya kama kafaɗun jikansa. "Nu'uman. Takwara, ni ne. Nu'uman!" Yaron ya leƙa ta gefen hannunsa yana neman ɗan akuya. Alhaji ya sake kira, har sau uku, a na ƙarshe muryarsa ta karye. Sai ya saki yaron a hankali, ya juya ya dubi wayar, kuma abin da ke fuskarsa ba fushi ba ne, tsoro ne.

"A'uzu billahi. Yaro ya ƙi amsa wa ubansa, ya ƙi amsa wa kakansa, ya amsa wa zanen akuya? Wannan ai ya fi shirun muni. Me kuka jawo min cikin gida?" Ya ɗauki wayar da yatsu biyu, ya kife ta, ya tura ƙarƙashin buzu ya danne da gwiwa. "Muryar wa ce ma a ciki?"

Ya sani sarai, bai ko dubi inda take durƙushe ba.

"Ɗantsoho, bismilla."

Wanzami ya gyara zama. Ya matse kumatun yaron da hannun hagu, bakin ya buɗe, ya sa yatsa ya ɗaga harshen. Yaron ya fara "aa, aa", yana shure-shure, Sabiru ya ƙara matse shi ya kau da kai. Murjanatu ta ga askar ta ɗauki hasken rana, ta ga ta wuce leɓe ta shiga. Ta ga ruwan wankin tsummokaran Mahdi. Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da kanta.

"NU'UMAN!"

Kaji suka watse. Yaron ya fizge kai ya juyo da ƙarfi, Ɗantsoho ya janye hannu yana "Subhanallahi!" Yaron ya dubi buzun da wayar ke ƙarƙashi, ya dubi sama, ya dubi katanga. Muryar ɗan akuyansa ce, amma ba daga inda ya saba ba.

Murjanatu ta taho da gwiwoyi, mayafi ya zame ya faɗi, ba ta ko waiwaye shi ba. Ta ratsa gaban dattawa, ta ratsa gaban surukinta, kai ba lulluɓi, ta tsaya daf da fuskar ɗanta. Ta buɗe baki wangame kamar yadda ɗan akuyan ke yi, ta ɗaga harshe a hankali ya taɓa sama, mace mai kunya biyu, tana yamutsa fuska a gaban maza kamar mahaukaciya.

"Nu'uman," ta ce. Sannan ta yi shiru ta jira.

Yaron ya zuba wa bakinta ido. Ya ɗaga ya dubi idonta, abin da bai cika yi wa kowa ba. Ya sake duban bakin. Leɓɓansa suka motsa.

"Na'am."

Kai, zo ka ga murna! Alhaji Nu'uman, dillalin da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya fashe da kuka yana dariya. "Takwara ya yi magana! Jama'a, kun ji shi? Ya amsa wa uwarsa!" Dattawa suna ta hamdala. Wata maƙwabciya da ke leƙe ta katanga ta rangaɗa guɗa. Ɗantsoho ya ninke askarsa yana dariya: "To madalla, an hutar da ni. Ni da ma ban kai ga jijiyar ba." Ba wanda ya tuna da maganar suna, ko kuma kowa ya yi kamar bai tuna ba.

Murjanatu kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana kallon leɓen ƙasa na yaron, ta ciki, inda wani ɗan jan layi ya fito siriri kamar zare. Lokacin da ya juyo ne bakin askar ya shafe shi. Kiranta ne ya juyo da shi.

"Af, ƙarcewa ce kawai," in ji Ɗantsoho da ya leƙo. "Ko ƙaya ta fi haka." Ya ɗebi garin bagaruwa ya danna a wurin.

Garin ya jiƙe ya yi ja. Murjanatu ta kama bakin zanenta ta danne leɓen, ta karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku a zuci, ta ɗaga. Jinin ya taru a hankali, ya cika, ya gangaro. Ta sake dannewa, wannan karon ƙafa bakwai. Ta ɗaga. Ya bi haɓa, ya ɗiga a rigar Juma'ar da aka sa masa. Ba ya zuba da ƙarfi, ba ya kuma tsayawa. Ta san irin wannan jinin, ta taɓa zama da shi kwana uku.

Ta miƙe da yaron a kafaɗa, a gaban kowa. "Sabiru, tada babur."

Shi ma sunansa bai taɓa ji a bakinta ba. Ya miƙe zumbur, ya tsaya yana duban ubansa.

"Ina kuma za ku?" in ji Alhaji, yana share ido. "An kusa kiran salla. Ɗan wannan ƙarcewar?"

Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ware bakin zanen ta nuna masa. Alhaji ya dubi zanen, ya dubi haɓar jikansa, dariyar ta bushe a fuskarsa. Tunda aka kawo ta gidan nan bai taɓa yi mata tambaya kai tsaye ba.

"Ƙanen naki," ya ce a hankali, "kwana nawa ya yi?"

"Uku, Baba."

Alhaji ya juya ya daka wa ɗansa tsawar da ake ji a wancan gefen kara. "Me kake jira? Ku tafi!"

Wayar na nan ƙarƙashin buzu, ba wanda ya tuna da ita. Babur ya fita daga Rijiyar Hamma yana tangal-tangal a cikin yashi, yaron a tsakiya yana fuskantar uwarsa, hannunta ɗaya ya tallafe ƙeyarsa, ɗayan na danne da leɓen. A Mai'adua masallata sun fara shimfiɗa dardumai har kan titi, dole Sabiru ya ratse ta lungu, yana ta oda, yara na tsalle suna ba shi hanya. Da suka hau kwalta ya murɗa iya murɗawa.

"Nu'uman," ta ce, ta ɗan ɗaga zanen.

"Na'am."

Suka wuce gonakin gero, suka wuce wasu 'yan mata masu tallar fura, suka wuce garken shanu da ke tsallaka hanya ba gaggawa. Duk bayan ɗan lokaci ta kira, shi kuma ya amsa, yana kallon bakinta kamar wani sabon abin wasa. Sunan da ta yi shekara huɗu da rabi tana haɗiyewa, yanzu ko ƙirga shi ba ta yi. Can sai kansa ya fara langaɓewa a ƙirjinta. Ko jijjigar babur ce ke sa shi barci, ko wani abu ne, ba ta sani ba, kuma Daura ko rufin kwanonta ba a fara hangowa ba.

"Nu'uman!" Ta kai kunnenta daf da bakinsa saboda iska. "Nu'uman, kada ka yi barci. Nu'uman."

"Na'am," in ji shi, ƙasa-ƙasa.

Ta juya bakin zanen tana neman inda bai jiƙe ba.